Filin Tambaya da Amsa: Tanderu, Waya da Awon Zafi

Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa, dukansu a kan awon zafi a masana'anta. Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, ga bayani a taƙaice don mu tafi tare. Tamokoful wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu, kuma da harufa ake kiran nau'o'insa, kamar K, N da S, gwargwadon ƙarafan da aka yi shi da su. Idan bakin yana cikin zafi, gindin kuma yana wuri mai sanyi, sai wata 'yar ƙaramar wutar lantarki ta bayyana tsakanin wayoyin, wadda ake aunawa da milibolt. Wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya gano haka a 1821. Tiransimita kuwa ita ce ke karɓar wannan 'yar wuta ta mayar da ita saƙo mai ƙarfi, daga miliamf 4 zuwa 20, wanda zai iya tafiya mai nisa har ɗakin da ake kula da injuna.

TAMBAYA TA FARKO

"Assalamu alaikum Baba Injiniya. Wata bakwai ke nan da aka ɗauke ni aiki a sashen na'urorin awo. Ogana ya ba ni wata tiransimita ta nau'in K wadda aka saita daga digiri 0 zuwa 1,200, ya ce in duba ta. Na ga a jadawali cewa digiri 900 shi ne milibolt 37.326. Na tura mata haka ina jiran miliamf 16, sai ta ba ni 16.4. Na tura sifili, ta ba ni 4.4. Sai na juya saitin har ta dawo 4 da 16 cif. Da aka mayar da ita kan tanderu, masu aikin dare suka ce awonta ya yi ƙasa da na sauran. A ina na kuskure?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗi da ka kawo lambobin yadda ka gan su, domin da su kaɗai na gane abin da ya faru. Tiransimitar nan lafiyarta ƙalau ta zo hannunka. Gyaran da ka yi ne ya karkatar da ita, kuma kusan duk wanda ya shigo wannan sana'a sai ya taka wannan sawun sau ɗaya.

Jadawalin da ka duba an rubuta shi ne da sharaɗin cewa gindin wayar yana kan digiri sifili, wato cikin ƙanƙara mai narkewa. A wurin aiki kuwa gindin yana ɗaure ne a sukurorin tiransimita, inda zafin wurin zai iya zama 25 ko 30 ko fiye. Tamokoful bambancin zafi yake aunawa tsakanin baki da gindi, saboda haka abin da yake kawowa kullum yana da giɓi gwargwadon zafin gindin. Masu ƙera tiransimita sun san da haka, sai suka sa wani ɗan ƙaramin ma'auni a jikin sukurorin, yana auna zafin wurin yana cike giɓin. Kai kuma ka tura mata cikakken 37.326 ta wayar jan ƙarfe, ba giɓi a ciki, ita kuma ta ƙara nata a kai kamar yadda aka koya mata. Miliamf 0.4 a faɗin awo na digiri 1,200 shi ne digiri 30 daidai. Ina da yaƙinin zafin ɗakin gwajinku a ranar bai yi nisa da 30 ba.

Hanya biyu ce. Ko dai ka sa na'urar gwajinka a kan K, ka bar ta ta yi nata lissafin gindin, sannan ka haɗa ta da tiransimita da wayar K ta ainihi tun daga fulogi har sukuru. Ko kuma, idan wayar jan ƙarfe ce a hannunka, ka auna zafin sukurorin, ka cire nasa milibolt ɗin da kanka. Digiri 30 a K shi ne 1.203, don haka abin da za ka tura a madadin 900 shi ne 36.123. Ni na fi son hanya ta farko, domin tana gwada har da ɗan ma'aunin nan na jikin sukuru. Kuma kada ka yi gaggawa. Idan ka ɗauko na'urar gwaji daga ɗaki mai sanyi ka kai ta gefen tanderu, ko ka daɗe kana murza sukuru da yatsunka, ka ba su mintuna su huce su daidaita da wurin kafin ka rubuta komai.

Akwai wani ɗan gwaji da nake yi kafin kowane abu: in ɗauki guntun wayar jan ƙarfe in haɗe sukurori biyun da tamokoful ke shiga. Lafiyayyar tiransimita za ta nuna zafin wurin. Da ka yi wannan, da ka ga 30, da ka fahimci 4.4 ɗinka.

Yanzu ga yadda za ka sake aikin. Da farko ka rubuta abin da ka tarar kafin ka taɓa komai, domin wannan rubutun ne zai nuna ko na'urar tana zamewa daga shekara zuwa shekara, kuma shi ne shaidarka ranar da aka zo tambayar kayan da aka gasa a watannin baya. Ka gwada matakai biyar: digiri 0, 300, 600, 900 da 1,200, waɗanda ya kamata su ba ka miliamf 4, 8, 12, 16 da 20. Ka hau da su, ka kuma sauko da su. Kada ka raba milibolt ɗin sama gida huɗu ka ce ka samu matakan, domin tamokoful ba ya tafiya a miƙe. A K, digiri 1,200 shi ne 48.838, amma 600 shi ne 24.905, wanda ya ɗara rabi da abin da ya kai digiri 11. Idan duk matakan suna cikin iyakar da wurin aikinku ya yarda da ita, ka rufe murfi ka bar ta. Yawan juye-juyen saiti don neman lamba cif ba ya ƙara mata komai.

Idan irin tsohuwar nan ce mai sukuru biyu, na sifili da na faɗin awo, ka sani juya ɗaya yakan taɓa ɗayan, sai ka yi ta komawa tsakaninsu har su zauna. Idan ta zamani ce mai magana da HART, wato tsarin da ake saita ta da na'urar hannu ta kan wayoyin miliamf ɗin, abubuwa uku ne daban da matasa kan cakuɗa. Canza iyakar awo, a ce daga 1,200 zuwa 1,000, ba gyaran awo ba ne, faɗa mata kawai aka yi inda 4 da 20 za su tsaya. Gyaran ɓangaren shiga shi ne daidaita yadda take karanta milibolt. Gyaran ɓangaren fita shi ne daidaita miliamf ɗin da take turawa da abin da mitarka ta gani. Ka duba abin da take nunawa a matsayin digiri, ka duba miliamf, sai ka san ɓangaren da ya karkace. Na'urar hannu ta HART kuma ba za ta yi magana da ita ba sai akwai rizista ta wajen om 250 a kan layin.

Ka je ka gaya wa oganka abin da ya faru tun kafin ya gano da kansa. Tanderun nan yana aiki da zafin da ya ɗara abin da allo ke nunawa da digiri 30 tun ranar da ka mayar da ita, kuma ya kamata a duba abin da aka gasa a tsakanin.

TAMBAYA TA BIYU

"Malam, barka da aiki. Ni ne ke kula da tanderun da muke gasa sassan ƙarfe a digiri 920 cikin iskar gas don su yi tauri. Watanni biyu ke nan kayan suna fitowa kamar wuta ta yi musu yawa, alhali allo yana kan 920 bai motsa ba. Sau uku ana cire tiransimita ana gwadawa, ana cewa daidai take. Mun ma canza ta da sabuwa, ba ta sake zani ba. Tamokoful ɗin K ne, bai tsinke ba, ya kai shekara biyu a ciki."

Barka kadai, ɗan'uwa. Kun bar jaki kuna dukan taiki. Gwajin tiransimita yana tabbatar da cewa tana fassara milibolt daidai. Ba ya cewa komai game da ko milibolt ɗin da ke zuwa mata na gaskiya ne. Allo kuma dole ya tsaya a 920, tunda aikin na'urar da ke sarrafa wutar ke nan: ta yi ta ƙara wuta har lambar ta kai 920. Idan tamokoful ya gaji yana kawo ƙasa da abin da ya kamata, za ta ƙara wuta don cike giɓin, allo ya nuna 920, cikin tanderu kuwa ya wuce nan.

Abin da nake zargi shi ne cutar da masu sana'a ke kira koriyar ruɓa. Ƙafa ɗaya ta K, wato ɗaya daga wayoyinsa biyu, haɗin nikel ne da kuromiyam wajen kashi 10 cikin ɗari. Inda iskar oksijin ta wadata, saman wayar yakan yi ɓawo ya kare cikinta. Inda oksijin ya yi ƙaranci amma bai ƙare ɗungum ba, musamman tsakanin digiri 800 zuwa 1,050, sai kuromiyam ɗin shi kaɗai ya riƙa ƙonewa yana barin nikel. Da kuromiyam ya ragu sai milibolt ya faɗi, kuma faɗuwar kan kai digiri gommai. Digiri 920 cikin gas mai cinye oksijin, ai gidan cutar ke nan. Ko kuben, wato bututun da ake zura tamokoful a ciki don kare shi, bai tsage ba, iskar haidurojin tana iya ratsa bangon ƙarfe mai zafi, kuma dogon kube siriri da iska ba ta zagayawa a cikinsa yakan haifar da irin wannan yanayi da kansa.

Ga abin da za ka yi idan kun zare shi. Ka nemi ɗan maganaɗisu. A lafiyayyen K, ƙafar da ba ta da kuromiyam ce kaɗai maganaɗisu ke ɗan kamawa. Idan ka bi ɗaya ƙafar da shi, ka ji ya kama a wani wuri, kuromiyam ya tafi a nan. Ka lanƙwasa wurin, sau da yawa zai karye kamar busasshen kara, ka ga cikinsa kore-kore.

Amma ina so in ja kunnenka a kan wani abu da ya taɓa cin mini makonni. A wata masana'anta da na yi aiki, mun zargi wani tsohon K, muka zare shi muka kai ɗakin gwaji, muka tura bakinsa cikin ƙaramin tanderun gwaji. Ya ba mu awo mai kyau, bambancin bai kai digiri 2 ba. Muka mayar da shi da kwanciyar hankali, kaya suka ci gaba da lalacewa. Sai daga baya na fahimci dalili. Wutar tamokoful ba a bakin take haihuwa ba. Tana taruwa ne a tsawon wayar, a duk inda zafi ke sauka daga sama zuwa ƙasa, wato galibi inda wayar ke ratsa bangon tanderu. A tanderunmu wannan wuri yana can nesa da baki, kuma nan ne wayar ta lalace. A ɗakin gwaji kuwa ɗan tsawon da bai fi tafin hannu ba ne ya shiga zafi, sai saukar zafin ta faɗa kan wani ɓangare na wayar, lalataccen wurin yana waje cikin sanyi ba ya aikin komai. Mun gwada wani yanki na wayar, tanderu kuma yana amfani da wani. Tun daga ranar na daina yarda da gwajin tsohon tamokoful a wajen mazauninsa.

Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne na wurin. A tura sabon tamokoful da aka tabbatar da awonsa kusa da tsohon, zurfi ɗaya, tanderu yana kan zafin aikinsa, a jira su zauna, a kwatanta. Idan za ku sayi sabon kube, ku nemi mai ramin gwaji a gefe saboda wannan. Wanda ake gwajin da shi kuma kada a bar shi a ciki, a zare shi a adana, in ba haka ba shi ma zai bi sahun ɗan'uwansa.

Shawarata ku koma nau'in N. A Ostireliya aka ƙirƙiro shi, ƙarƙashin jagorancin Noel Burley, musamman don magance irin waɗannan lahani na K. An ƙara masa kuromiyam zuwa wajen kashi 14, aka sa silikon a ƙafafun biyu, sai ya fi jure wannan yanayi ya kuma fi riƙe awonsa. Ba na cewa ba ya tsufa, yana tsufa. Ku sa masa wa'adin canji gwargwadon abin da gwajin wurin ya nuna muku, kada ku jira sai ya tsinke. Ranar da kuka canza kuma, dole a canza saitin tiransimita da wayar ƙari, wato wadda ke haɗa tamokoful da tiransimita, duka zuwa N. A digiri 1,000, K yana ba da milibolt 41.276, N kuma 36.256. Idan aka manta saitin yana kan K, allo zai nuna wajen 880 alhali tanderu yana 1,000, kun ga an gudu ba a tsira ba.

TAMBAYA TA UKU

"Ranka ya daɗe, ni injiniya ce a wurin da ake gasa tangaran. Za mu kafa sabon tanderu da zai riƙa kaiwa digiri 1,400 ya tsaya na wasu sa'o'i. Mai sayar mana da kaya ya nuna mini takarda cewa K yana kaiwa 1,372, ya ce bambancin kaɗan ne, mu ɗauke shi tunda mun saba da shi. Hankalina bai kwanta ba. Me zan zaɓa?"

'Yar'uwa, hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Lambar 1,372 ita ce inda jadawalin K ya ƙare, ba inda ake aiki da shi ba. Ƙarfen da aka yi shi da shi yana dab da narkewa a 1,400. Iyakar da ake ba K a cikin kube ita ce 1,260, wannan ma sai waya mai kauri, wadda ta haura milimita 3. Mai kaurin milimita 1.6 iyakarta 1,090, siririya mai rabin milimita kuwa 870. Mutane kan duba harafin su manta da kaurin, alhali siririyar waya da wuri wuta ke cinye ta. N ma iyakarsa kusan ɗaya da K. J kuwa, mai ƙafar baƙin ƙarfe, tun daga 760 ya sauka daga layi. A 1,400 kin shiga yankin filatinam, ba makawa.

Uku ne a gidan. S yana da ƙafa ɗaya filatinam zalla, ɗayar filatinam da rodiyam kashi 10, kuma shi ne dattijonsu, tun zamanin Bafaranshe Henry Le Chatelier a shekarun 1880. R kamarsa ne sai dai rodiyam ɗinsa kashi 13 ne. Su biyun suna aiki na dogon lokaci har wajen 1,450, suna kuma jure fiye da haka na ɗan lokaci. B yana da rodiyam a ƙafafun biyu, kashi 30 da kashi 6, yana kaiwa 1,700. A tsakanin R da S ba wani fifiko da zai sa ki rasa barci, ki ɗauki wanda sauran na'urorinku suka sani. Abin kiyayewa kawai kada a cakuɗa su, domin a ido kamarsu ɗaya, amma idan aka sa R a tiransimitar da ke kan saitin S, a digiri 1,000 za ta ƙara kusan 80.

Ga tanderunki da ke hawa ya sauka, ni S zan sa. Dalilina shi ne tangaran yana bukatar a kula da hawan zafi tun daga ƙasa, lokacin da ruwa ke fita daga jikin yumɓu, da kuma wajen digiri 573 inda yashin da ke cikinsa ke sauya siffa ya kumbura. B kusan kurma ne a ƙasa: a digiri 100 abin da yake bayarwa bai kai milibolt 0.04 ba, kuma ƙa'idar ingancinsa daga 600 take farawa. Da a ce tanderun zai zauna dare da rana a 1,450 ko sama, kamar na narka gilashi, da B zan ce, domin a irin wannan zama ƙafar filatinam zalla ta S takan yi rauni, rodiyam kuma ya riƙa ƙaura zuwa cikinta, awo ya zame ƙasa. Akwai kuma nau'in C na tungistan da riniyam mai kaiwa sama da 2,300, amma ki cire shi daga lissafi, domin iskar oksijin tana cinye shi nan da nan. Na tanderun da aka zuƙe wa iska ne ko aka cika da gas marar oksijin.

Inda na fi so ki sa ido shi ne kube, domin nan ne ake asarar filatinam. Wuta ba ta cika kashe shi ba, ƙazanta ce ke kashe shi. Tururin ƙarfe yana shiga jikinsa. Silika kuma, idan oksijin ya yi ƙaranci, takan saki silikon ya haɗu da filatinam, wayar ta yi gautsi ta karye. Saboda haka kada a zura shi kai tsaye cikin kuben ƙarfe, kada kuma a sa shi a kuben tangaran mai araha da ke da silika da yawa. Ki nemi alumina mai tsabta, ta kashi 99.7, wadda ake yi wa lamba C799, kube da abin raba wayoyin duka. Abin raba wayoyin ya zama guda ɗaya dogo mai rami biyu, ba guntaye da aka jera ba, don kada a bar tsirara a tsakani. Wanda zai haɗa shi ya sa safar hannu mai tsabta, domin gumi da maiƙon yatsa ma suna bar masa tabo. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Alumina kuma ba ta son a ba ta mamaki. Na taɓa tsayawa ina kallo wani abokin aiki ya tura sabon kube mai sanyi cikin tanderu mai zafi a tashi ɗaya. Ƙarar da muka ji 'yar kaɗan ce, kamar an taka busasshen ganye. Da muka zaro shi, tsaga ta bi tsawonsa tun daga baki. A ɗumama shi tukuna a bakin ramin, a riƙa tura shi kaɗan-kaɗan ana dakatawa, ko a sa shi tun tanderu yana sanyi. Idan da hali a rataye shi daga sama, domin wanda aka kwantar yakan sunkuya da nauyin kansa a irin wannan zafi. Ya shiga ciki sosai, aƙalla ninki goma na kaurin kuben bayan ya wuce bango, in ba haka ba bangon zai riƙa janye zafin bakin. Kada kuma ya fuskanci harshen wuta kai tsaye, zafin da kayan ke ji ake nema.

Abu na ƙarshe, saƙon S ƙarami ne. A 1,400 milibolt 14.373 ne kacal, kowane digiri wajen 0.012 ne. Kuskuren milibolt 0.1 da zai zama digiri biyu da rabi a K, a nan digiri 8 ne. Don haka wayarsa kada ta bi hanya ɗaya da manyan wayoyin wuta, kuma tiransimita ta zauna kusa, amma a inda zafin bango ba zai dafa ta ba. Yawancin tiransimitoci ba a yi su don wurin da ya wuce digiri 85 ba. Tsohon filatinam da ya gama aiki kuma a adana shi, masu ƙera shi suna karɓa su sake tacewa.

TAMBAYA TA HUƊU

"Yallaɓai, mun ja sabuwar wayar ƙari daga kan tamokoful zuwa akwatin tiransimita. Ruwan ɗorawa ce da ja. Na ɗaura jar a kan alamar tarawa a can da nan, kamar yadda muka saba a batir. Awon yana tafiya daidai da safe, amma idan tanderu ya ɗau zafi sai ya yi ƙasa da wajen digiri 60."

Ƙanena, wayarka ta tsarin Amurka ce, kuma a tsarinsu na tamokoful ja ita ce ta ɗebewa, kowane nau'i ne. Ruwan ɗorawa ita ce ta tarawa a K. A tsarin ƙasa da ƙasa na IEC 60584 kuwa, K kore ce da fara, N ruwan hoda da fara, R da S ruwan lemo da fara, kuma fara ce ta ɗebewa a dukansu.

Da a gefe ɗaya ka juya ta, da awo ya tafi baya ka gane nan take. Da ka juya ta a gefe biyu sai awon ya yi kamar daidai, kuskuren ya ɓuya. Girmansa ninki biyu ne na bambancin zafi tsakanin kan tamokoful da akwatin tiransimita. Da safe wuraren biyu zafinsu ɗaya, shi ya sa ba ka ga komai. Idan kan ya kai 60 akwatin yana 30, bambancin 30 ne, awo ya faɗi da 60, daidai abin da ka gani. Da wayar jan ƙarfe ce zalla aka ja, da 30 zai faɗi.

Ka juya ta a gefen biyu. Idan launin ya koɗe ko kana shakka, maganaɗisun nan zai raba maka gardama: a wayar K ta ainihi, wadda ya kama ita ce ta ɗebewa. Kafin ka rufe akwatin, ka cire waya ɗaya ka ga abin da tiransimita za ta yi. A ƙa'idar NAMUR NE 43, saƙon da ya sauka zuwa miliamf 3.6 ko ƙasa, ko ya hau 21 ko sama, alamar matsala ce. Ga tanderu, ka tabbata tsinkewar waya tana sa a kashe wuta. Galibi ana saita ta ta haura sama, don na'urar sarrafawa ta ɗauka zafi ya yi yawa ta rufe gas. Idan ta faɗi ƙasa kuma ba a koya wa na'urar gane alamar ba, za ta ɗauka tanderu ya huce ta buɗe wuta gaba ɗaya. Ka sanar da ɗakin kula da injuna kafin ka cire wayar, su mayar da sarrafawar hannu, ka gwada, ka mayar, sannan ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata a katin na'urar.